Hotuna Huɗu da Ba a Ɗaure Ba

"Wannan ba Dogo ba ne," in ji Baba Mai Tsari, yana ƙoƙarin ɗaga kai daga matashi. "Wa ya sa sunan Dogo a ƙarƙashin Sarkin Wuƙa? Mutanen da ko suna raye ba sa ga maciji!"

Uwar Biyu ta janye wayar daga gaban fuskarsa ta duba. Ita dai abu ɗaya ta yi, ta ƙara girman haruffa don ya iya karantawa, tunda ciwo ya rage masa gani. Tana ƙarawa rubutu ya gangara, hotuna suka ƙi bin sa, kowace fuska ta faɗa kan labarin wani.

"Baba, wallahi ban taɓa komai ba."

"Na sani, 'yar nan. Ɓarnar tawa ce."

Shekara talatin da takwas ya yi yana tsara shafi a maɗaba'a, tun ana jera haruffan dalma da hannu har kwamfuta ta zo. Da aka rufe wurin sai ya zauna ya rubuta littafi a kan ma'aikatan wurin, mutum talatin da ɗaya, kowa da hotonsa na ranar ɗaukar aiki, da laƙabinsa, da ɗan labarinsa. Abokan aikin nasa duk sun riga shi gidan gaskiya. Autarsa da ke aiki a nesa ce ta ce ya bar zancen takarda, a yi shi littafin karantawa a waya. Ya amsa da baki, amma hannu bai manta sana'arsa ba: ya kafe kowane hoto a inda yake so a shafi, ya yi ta danna maɓallin sauka layi har ya buɗe masa gurbi.

"A takarda, inda ka ajiye hoto nan za ka same shi," ya ce, yana hutawa tsakanin kalma da kalma. "Wannan abin kuwa ba shi da shafi. Sai ka ɗaure hoto a jikin maganarsa, inda ta je ya bi ta. Tazara kuma ba da layin banza ake yin ta ba, a jikin sakin layi ake sa ta. Na san haka sarai. Taurin kai ne na tsohon hannu."

Ƙofar Uwar Biyu tana kallon tasa, shekara goma sha ɗaya ke nan. Buga takardu take yi a ofishin wata makaranta, wasiƙu da jerin sunaye, hoto kuwa ba ta taɓa sa shi a cikin rubutu ba. Amma yatsunsa sun daina riƙe ko cokali, kuma babu kowa a gidan sai Gwaggo, yayarsa, wadda yanar ido ta rufe wa gani. Uwar Biyu ta jawo kwamfutarsa bakin gado. Ya nuna mata wata 'yar alama mai kama da ƙugiya da ke fitowa idan an taɓa hoto, ya ce ita ake ja a kai farkon labarin mutum.

"Ki ɗaure su duka tukuna. Sannan ki share layukan banza."

Kafin ta gama ɗaure na farko magani ya ɗauke shi. Ta zauna tana jin numfashinsa, tana son ya farka ya tarar an yi nisa. Ƙugiyar nan tana ba ta wahala, share layi kuwa aikinta ne na kullum. Sai ta fara da wanda ta iya. Cikin minti biyar ta share su kaf, ta adana kamar yadda ta saba, ta rufe, ta tafi ɗauko tagwayenta.

Washegari ta buɗe kwamfutar. Hotuna talatin sun taru a shafukan farko, wani kan wani, kamar kwanukan wanke-wanke. Garin neman gira ta rasa ido. Ta nemi hanyar komawa baya, babu. Ta zaro ainihin hotunan daga cikin ambulan ta juya bayansu, fari fat.

"Me zai sa in rubuta?" in ji shi da ta gaya masa, tana hawaye. "Ni da na san su? Share idonki. Ai ina nan."

Abin da ya fi ci mata rai ke nan, da bai yi faɗa ba.

Daga ranar, tana tashi daga aiki sai ɗakinsa. Ta buɗe fuska ɗaya ta cika allon da ita, ya kalla ya faɗi suna, ta ja ƙugiya ta ɗaure. Da zai tsaya a suna kawai, da yini ɗaya ya isa. Ina! Kowace fuska sai ya biya mata tarihi.

"Mai Gam ke nan? A'a, dakata, Limamin Inji ne. Shi ya taɓa buga kalanda dubu biyu babu ranar Laraba. Manaja ya ce ina Laraba, ya ce ta tafi hutu."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Gwaggo ta laluba ta miƙa masa ruwa tana mita.

"Ke 'yar nan, ki bar shi ya huta. Matattu ba inda za su."

"Su ba inda za su," ya ce. "Ni ne mai tafiya."

Ranar farko sun ɗaure tara, ta biyu shida. Uwar Biyu tana ƙirga saura a zuci, tana kallon yadda wuyansa ke ƙara sirancewa, tana jin kunyar ƙirgar. So take ta ce ya yi sauri, amma da wane baki za a ce wa mai wannan hali ya yi sauri? Ran nan biyar, ran nan uku, har da ranar da bai farka ba sam, ta zauna da kwamfuta a cinya har rana ta bar tagar.

Ran Litinin maganarsa ta ɗauke. Saura bakwai. Ta sa yatsanta a tafin hannunsa.

"Baba, zan karanta sunaye. In na zo kan mai wannan fuska, ka matse."

Ya matse a kan Gajere. Ya matse a kan Na-Baya, da Alƙali. Ta ji daɗi har ta ce wa Gwaggo gobe za su gama. Da goben ta zo, ta karanta suna na farko ya matse, ta karanta na biyu ya matse, na uku ma haka. Idonsa ba ya kan allon, yana kanta. Ta gane ba amsa yake ba ta ba, hannun kawai yake riƙewa. Ta rufe kwamfutar ta bar masa yatsan.

Rai ya yi halinsa ran Laraba da hantsi, tana ofis tana buga jadawalin jarrabawa.

Bayan kwana biyar, da mutane suka ragu, Auta ta ƙwanƙwasa mata ƙofa da kwamfutar a hannu. Suka zauna a falon Uwar Biyu. Labari huɗu ne suka rage ba hoto: Mai Gam, Shiru, Ɗan Tawada, da Sabon Shiga. Sai a ranar Uwar Biyu ta karanta na ƙarshen har ƙarshe, ta ga ashe da "ni" aka rubuta shi. Kansa yake nufi.

"To ai wannan mai sauƙi ne," ta ce. "Nuna mini babanki."

Auta ta matso. Samari huɗu, duk 'yan shekara ashirin, duk da rigar aiki iri ɗaya da aski iri ɗaya, hotunan sun koɗe.

"Wannan ne. Ga hancin." Ta sake dubawa. "A'a. Kamar wannan. Anti, ni da furfura na san shi."

Suka kai wa Gwaggo. Ta kawo allon dab da fuskarta, ta shafa gilashin da yatsa, ta mayar.

"Ni ko ku inuwa nake gani."

Suka dawo suka zauna. Auta ta share ido da bayan hannu.

"Anti, ki sa kawai. Wa ya rage da zai gane?"

Uwar Biyu ta jawo kwamfutar gabanta. Ta taɓa saurayi na biyu, ƙugiyar ta fito, ta ja ta a hankali har farkon labarin Sabon Shiga. Nan ta tsaya, yatsanta a danne, ba ta saki ba. A ƙasan allon sauran ukun suna jere, suna kallonta.