Gurasar da Kawu Maikuɗi Ya Cinye Ranar Ashura

Kawu Maikuɗi ba ya taka gidan ƙanwarsa Iyatu da ke unguwar Al-Sih a birnin Manzo sai ranar da ya tabbatar an ɗora babbar tukunya. Ranar Ashura kuwa bai taɓa fashi ba. Tayoyin mota yake sayarwa a unguwar Bani Harisa, amma tun da ya fara zama a can bayan sahun masu ɗaukar karatu a Harami, ya naɗa wa kansa rawanin malanta, ba wanda ya isa ya yi magana a gabansa.

Bana ya tarar da Hamid, ɗan Iyatu, wanda ke aikin injiniya a matatar mai ta Yanbu. Bai daɗe da dawowa daga kwas a ƙasar Holan ba. Ƙanwar Hamid, Afnan, ce ta shirya abin buɗa-baki, ta haɗa har da tsarabar da ya kawo, ciki da wata busasshiyar gurasa, siririya, mai ƙananan huji. Ana kiran magariba Kawu ya jawo farantin gabansa, yana gutsura yana tsomawa a romon shurba.

Bayan an yi salla aka dawo kan abinci, sai ya gyara murya.

"Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a garin nan ya tarar da Yahudawa suna azumin ranar da Allah Ya kuɓutar da Annabi Musa, ya ce mu muka fi cancanta da Musa. To na yanzu fa? Ku tambaye su waye Fir'auna, wallahi sai dai su yi ta kallonku."

"Kawu, ai suna tunawa," in ji Hamid a hankali. "Tsohuwar da na zauna a gidanta can Bayahudiya ce. Ta gayyace ni idinsu na fita daga Masar, Fesah suke ce masa. Suna cin ganye mai ɗaci don tuna ɗacin bauta, suna tsoma wani a ruwan gishiri, wai hawayen kakanninsu ke nan. Ƙaramin yaron gidan ne zai yi tambaya, manya su ba shi labarin tun daga farko."

Kawu ya yi tsaki. "Ganye da ruwan gishiri! Abincin akuya shi ne ibada?"

"Suna da azumi kuma, Kawu, a wani watan. Daga faɗuwar rana har wata faɗuwar, ba ci ba sha. Kafin ranar kowa zai bi waɗanda ya ɓata wa rai ya nemi gafara."

Iyatu ta dubi yayanta ta gefen ido. Shekara da shekaru ba ya gaisawa da maƙwabcinsa saboda wurin ajiye mota. Shi ko a jikinsa, ya sake miƙa hannu faranti.

"An tura ka koyon aikin mai, ka dawo mana limamin Yahudawa," ya ce da cikakken baki. "Ni abin mutanen nan ko ƙamshinsa na ji, cikina juyawa yake. Allah Ya ba ni wannan basirar. Ke Afnan, ƙaro biskit ɗin nan, ya fi na kantunanmu."

"Halas ya hali, ya ƙare," in ji Afnan, rabi Larabci rabi Hausa.

Hamid ya dubi farantin, sai yanzu ya lura. Ya sosa ƙeya.

"Kawu, ai gurasar idin ce. Ba a sa mata yis, don sun bar Masar cikin gaggawa, ƙullunsu bai samu ya tashi ba. Tsohuwar ce ta ba ni in kawo wa Umma."

Kawu ya zabura, gwiwarsa ta ture kofin shayi. Ya ruga banɗaki, aka riƙa jin kakarinsa har falo. Da ya fito sai ya kira wani malami a waya, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji hukuncin da za a yanke wa Hamid. Malamin ya tambayi abin da aka yi gurasar da shi. Aka ce gari da ruwa. Ya ce abincin Ahlul Kitabi halal ne, Allah Ya sa albarka, ya kashe wayarsa.

Afnan ta cusa fuska a gyale, kafaɗunta na rawa.

"Wannan malamin dama karatunsa bai yi nisa ba," in ji Kawu. Ya ɗauki makullin motarsa, ya rantse ba zai ƙara cin komai a gidan ba, sannan ya tsaya a bakin ƙofa har Iyatu ta gama ɗaure masa sauran sambusa da shinkafar kabsa a leda.

Washegari labari ya zagaye dangi cewa an yi masa makirci daga Turai, amma ya gane tun a lomar farko, ya daure ne kawai don kada ya kunyata yaro. Da aka gaya wa Iyatu, ba ta ɗago daga tsintar shinkafarta ba.

"Daurewar tasa ta yi yawa," ta ce. "Ni da aka aiko wa ko ɓarɓashi ban ɗanɗana ba."