Tsumman Tanda

Najiba ta sha wuya kafin ta sami gidan haya a bayan titin Liuhua, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Duk mai gidan da ya ji cewa masa da tuwo take sayar wa 'yan kasuwa sai ya kaɗa hannu ya ce "meyo", wato babu. Wata tsohuwa ce kaɗai, Madam Lo, mai zama a benen da ke samanta, ta yarda ta ba ta, da sharaɗi guda: ranar da aka ga hayaƙi, ranar zama ya ƙare. Idan gidan nan ya kuɓuce mata, sana'a ta tafi, sai dai ta tattara ta koma Kano.

Sai ga watan Maris, lokacin da bango ke gumi a Guangzhou, shanya ta kwana biyu a igiya ta sauko tana warin ruma. Mutumin da ya saba ya baza wanki a tsakar gida ya kwashe kafin La'asar ina ya san wannan? Dole Najiba ta koma ga injin busar da kaya da ta tarar a baranda, ta kuwa ji daɗinsa har da sa masa albarka.

Abin da ba ta sani ba, tsumman da ake goge tanda da shi ko an wanke shi man gyaɗa ba ya fita duka. Ita kuma ga gaggawa. Ran nan ta kashe injin tun bai huce da kansa ba, ta kwaso tsummokaran da zafinsu, ta danna a kwando, ta rufe da zani kamar mai adana tuwo. Ta ɗauki kulolinta za ta kai abinci kasuwar Baima.

Allah ya taimake ta ta manta miyar taushe. Tana dawowa ta tarar kwandon na fitar da hayaƙi, tsakiyarsa ya yi jajir. Salati take, ta sheƙa masa bokitin ruwa. Wuta ta mutu, babu wanda ya gani, saura ƙauri.

Nan Najiba ta yi dabarar da kowace 'yar Kano za ta yi. Ta jona kasko, ta zuba turaren wuta mai yawa, ta buɗe ƙofa wai ƙamshi ya bi matakala ya danne ƙaurin. Na'urar jin hayaƙi da ke saman matakalar kuwa ba ruwanta da ƙamshi, ta tsala ihu har maƙwabta suka firfito.

Madam Lo ta sauko da silifas. Najiba ta tare ta da murmushi, ta kira ta da sunan da ake kiran mai gida a can.

"Lauban, turare ne kawai. Ba matsala."

Tsohuwar ta wuce ta zuwa baranda. Ta ɗaga zanin da aka jefa kan kwandon, ta ga baƙin tsumma a jiƙe. Ta zaro ragar da ke tace datti a cikin injin, ga ɓurɓushin zare ya yi kauri kamar audugar katifa, tun zuwan Najiba ba a taɓa share shi ba. Ta ɓamɓare shi da yatsa, ta ɗora wa Najiba a tafin hannu. Sannan ta yi magana a wayarta, wayar ta fassara.

"Mai yakan kama da wuta ko bayan wanki. Da kin kira ni da na nuna miki. Ɓoyewa kika yi."

"Wallahi tsoro na ji, Lauban. Ki yi haƙuri, ba zan sake ba."

Madam Lo ta dube ta, ba da fushi ba. Ta sake kai wayar bakinta.

"Ki nemi wani gida zuwa ƙarshen wata. Mijina yana kwance a saman barandar nan. Ba ya iya sauka."

Kunya ta kama Najiba fiye da baƙin cikin gidan. Tana tsaye da ɓurɓushin a hannu, ta ɗaga kai ta dubi silin.