Birki a Kan Kowane Tudu

A duk ɗakin ordinatar, wato kwamfuta, na malamin boko Mushe Yahaya babu wanda ya taɓa hawa irin jirgin da ake gasar ƙerawa a cikin wasan ordinatar, har shi Mushen kansa. Jirgin wasa ne mai bin layin dogo, wanda ƴan lakkwal, masu karatun Faransanci, ke kira montagnes russes. Sarƙa ce ke jan sa zuwa ƙololuwar tudun farko ta sake shi, daga nan nauyinsa kaɗai ke tafiya da shi, ya gangara, ya hau, ya wuntsila da mutane kai ƙasa, ya dawo tasha. A Agadas sai dai a gan shi a ekran, allon ordinatar. Amma rashin hawan bai hana kowa zama gwani ba, don tun safe samari ke ta musu kamar a cikinsa aka yanke musu cibi.

Asiya ba ta cikin masu musun, abin da ke gabanta ya fi ƙarfin surutu. Ƙungiyar da ta shirya gasar ta ajiye wa wanda ya ci gurbi ɗaya tak na koyon zanen ordinatar a Yamai. Inna kuma ta riga ta yanke magana: in ta ci, ta tafi da albarkarta, in ba ta ci ba, ta bar wasan yara ta zauna gaban keken ɗinkin Gwaggo Kadidia. Inna ba ta faɗin abu sau biyu.

Dokar gasa ita ce mutum biyu a kan kowace ordinatar, ko da yake mai sunan gaba ne ke ɗaukar gurbin. Ƙawarta Habsatu, wadda suka yi ta gwaji tare, ta bi iyayenta Ingal sayar da kayan fata wurin taron makiyaya, ta bar ta da kujera wayam. Dole Asiya ta roƙi yayanta Shamsu ya zo ya cike wurin. Shamsu shofer ne, direban motar fasinja, shekara da shekaru yana bin hanyar Dirku da Segedin ta cikin tuddan rairayin sahara, kuma tun rasuwar Baba shi ne babba a gidan. Ya zo da rawaninsa ya zauna a kujerar roba, gwiwoyinsa na dukan tebur, yana kallon ekran kamar wanda aka kawo zaman makoki gidan da bai sani ba.

Ta yi masa bayani a taƙaice. Za ta shimfiɗa hanya, ƙananan mutanen cikin wasan su yi layi su hau, in sun sauka wasan ya ba da maki na daɗi da na tsoro da na tashin zuciya. Wanda makin daɗinsa ya fi shi ya ci. Wanda kuma jirginsa bai dawo tasha da mutane ba ya fita daga gasa.

Shamsu ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi tambaya ɗaya.

"Ina birkinshi?"

Ta yi dariya ta nuna masa wani ɗan jan akwati a gefen ekran, ta kama hannunsa ta ɗora a kan suri, ɗan abin dannawar da ke gefen ordinatar, ta koya masa yadda ake ɗauko birki a dasa a kan layi. Don kada barci ya kwashe shi ta yi haka, ba don komai ba.

Can wajen azahar Kabiru ya so ya ba mutane dariya. Kabiru ɗan wani injiniya ne a ma'adinin Anu Araren, yana da ordinatar tasa a gida, kuma kowa ya san shi ne abin tsoro a gasar. Da gangan ya cire guntun layi daga tsakiyar hanyarsa, ya cika jirgi da mutane ya sake shi. Jirgin ya taho a guje, ya tashi sama inda layin ya yanke, ya faɗo ya tarwatse. Ɗaki ya ɗauki shewa, har da masu buga tebur. Asiya ma ta murmusa. Da ta waiwaya sai ta ga Shamsu ya ja rawani ya rufe baki, idonsa na kan wurin da hayaƙin ke tashi. Ba ta tsaya tambaya ba, aiki na jiran ta.

Kafin la'asar Asiya ta gama aikinta. Hanyarta ta yi kyau, ita ma ta sani: dogon tudu a farko, ƙananan tuddai a jere bayansa, sai babban zobe inda jirgi ke juyewa kai ƙasa, sannan kwana zuwa tasha. Ta gwada shi ba kowa ciki, ya wuce zoben da ɗan sauran ƙarfi. Da aka kira salla maza suka yi tasu a tsakar gida, mata suka shiga gidan maƙwabta. Kafin ta fita ta ce, "Yaya, in kun idar ka tsare mini ita, kar wani ya taɓa."

Ya tsare kuwa, don ba wanda ya taɓa sai shi.

Tana dawowa ta hango samari sun yi cincirindo bayan kujerarsa suna ƙunshe dariya. Gabanta ya faɗi tun kafin ta ga ekran. A kan kowane tudu, daga babban har ɗan ƙaramin ƙarshe, ga jan birki zaune daram.

"Yaya, mi ka yi?"

"Na gyara maki," in ji Shamsu, hankalinsa kwance, har da ɗan alfaharin wanda ya koyi sabon aiki. "Tudu duka kin bar su hakanan. Ba a hawa tudu haka, Asiya. Kina isa bisa sai ki ɗage ƙafa, ki leƙa tukun. Ba ki san abin da ke bayanshi ba, ko gangara ce mai sauƙi, ko rami ne anka yanke kamar bango."

"Nan na san abin da ke baya, Yaya. Ni na yi shi."

"Ke kin sani. Su fa?" Ya nuna ƙananan mutanen da suka yi layi bakin tasha, wasu da hula, wasu riƙe da balan-balan.

Ta danna gwaji. Jirgin ya hau tudun farko, ya tsaya, ya gangara. Ya hau na biyu, birki ya kama shi. Haka ya dinga yi yana zubar da ƙarfinsa tudu bayan tudu, har ya iso zoben yana jan jiki. Ya hau rabi, ya yi jim, ya sulalo da baya, ya yi ta lilo gaba da baya har ya tsaya cak a gindin zoben.

"Wannan ai amalanke ce!" in ji Kabiru. "A kawo jaki ya ƙarasa da ita!"

Dariya ta ɓarke. Daga gaban ɗaki Mushe Yahaya ya buga tafi. "Bon, lokaci ya kusa. In na ce a ɗage hannu, kowa ya ɗage. Vite, vite, maza maza!"

Asiya ta zauna, hannunta a kan suri, ta kasa motsa shi. Gyaran ba wuya, cire birki dannawa ɗaya ne. Wuyar tana zaune kusa da ita da rawani. Tunda take ba ta taɓa ce wa Shamsu ya yi kuskure ba, ko a cikin ɗaki su biyu, balle a gaban yaran da suka gama yi masa dariya. A gidansu in babba ya ɗaura abu, ƙarami ba ya kwancewa a gabansa, sai dai ya jira ya fita. Shamsu kuwa ba fita zai yi ba. Haushi ya cika ta har wuya, haushinsa da na Habsatu da na kanta da ta nuna masa jan akwatin. Ta tuno ƙarar keken Gwaggo Kadidia, wadda ake ji tun daga bakin lungu.

"Yaya, ka yi haƙuri," ta ce, ba ta dube shi ba.

Ta fara daga ƙarshe. Ta danna, birkin ɗan ƙaramin tudu ya ɓace. Ta danna, na gabansa ya bi shi. Dariyar bayansu ta ragu, don ko marar kunya ya san abin da yake kallo.

"Asiya," Shamsu ya ce a hankali, yadda ita kaɗai za ta ji. "Mutane za su shiga fa."

Ba faɗa a muryarsa, roƙo ne, kuma shi ya fi yi mata ciwo. Ta cije leɓe ta ci gaba da dannawa har ya rage guda, na kan babban tudun farko.

Nan ta tsaya. A lissafinta sarƙa na tura jirgin ya haye ƙololuwa da ɗan gudunsa, kuma da wannan ɗan gudun ya wuce zoben ɗazu. In birki ya tsayar da shi cak a sama, daga babu zai fara gangara. Zai iya wucewa, zai iya sulalowa da baya da mutane cike, kuma babu sauran lokacin gwaji. Hankali ya ce ta cire. Amma ta ga hannun Shamsu a kan gwiwarsa, babban hannu mai kanta, ya dunƙule. In ta share wannan ma, ta gaya masa ke nan a gaban kowa cewa duk abin da ya sani a duniya ba shi da wurin zama a nan.

"A ɗage hannu!" in ji Mushe Yahaya.

Da ta so, da ta danna kafin ya rufe baki. Ta ɗage hannunta ta ɗora a cinya.

Aka rufe tagogi, aka haska bango, aka fara nuna jirage ɗaya bayan ɗaya kamar mutum na zaune a kujerar gaba. Wasu mutanensu suka sauko suna amai, wani jirginsa ya maƙale tun a kwanar farko. Na Kabiru ya tafi sumul kamar ruwa a kwata, makin daɗinsa ya haye na kowa nesa ba kusa ba. Ya miƙe yana karɓar tafi tun ba a gama ba.

Na Asiya ne na ƙarshe. Ƙananan mutanen suka shiga suka cika kujeru, ƙarfe ya sauko ya danne musu kafaɗu. Sarƙa ta kama, ƙaƙas ƙaƙas ƙaƙas, bango ya cika da layin dogo yana miƙewa sama. Tasha ta ƙanƙance a ƙasa. Jirgin ya kai ƙololuwa, hancinsa ya leƙa, sai birki ya kama shi.

Layin ya ɓace daga bango. Ba gangara, ba ƙasa, sai sarari fari fat. Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Ɗakin ya yi tsit har ana jin kukan panka. Asiya ta san abin da ke bayan tudun nan, ita ta shimfiɗa shi da hannunta, amma duk da haka ta matso bakin kujera. Ta saci kallon gefe. Shamsu ya miƙe zaune, wuyansa ya yi tsawo yana leƙen bango, ƙafarsa ta dama ta danne siminti da ƙarfi har takalmin ya lanƙwashe.

Birki ya saki. Jirgin ya kife ƙasa, wata yarinya a baya ta ƙwala ihu, samari suka dafe kujeru. Ya haye ƙananan tuddan a guje, ɗaya, wani, wani, ga zobe ya taso. Ya hau, gudunsa na raguwa, duniya ta fara juyewa a bango. Can sama, kai ƙasa, ya yi sanyi ƙwarai har Asiya ta ga kamar ana iya ƙirga ƙarafan layin. Ta daina numfashi. "Ya Allahu," in ji wani a bayanta.

Hancin jirgin ya rinjaya gaba. Ya zubo ta ɗaya gefen, ya sha kwana, ya shiga tasha ya tsaya.

Ɗaki ya kece da ihu. Hoton ya koma waje, ana ganin mutanen suna sauka, wasunsu na rugawa su sake shiga layi. Maki suka fito a kusurwar bango. Na tsoro ya hau har ya kusa ja, amma bai taɓa ba. Na daɗi ya wuce na Kabiru da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma ya wuce. Mushe Yahaya ya cire tabarau ya goge ya mayar, sannan ya kira sunanta, ya haɗa da Yamai.

Ta juyo don ta gaya wa Shamsu, sai ta tarar kujerarsa ba kowa. Yana can gaba, dab da bango, inuwarsa ta rufe rabin makin da kowa ke kallo. Ya ɗaga yatsa yana bin ƙananan mutanen da ke fitowa daga ƙofar tasha ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Ana ce masa ya kauce, bai ji ba.

Asiya ta tsaya a bayansa tana kallon yadda yake ƙirga su. Duk ranar da zai tafi takan ce masa Allah ya kiyaye hanya, in ya dawo ta karɓi dabinon tsaraba, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayar abin da ke tsakanin tafiyar da dawowar ba. Yanzu ta gani, tausayinsa ya kama ta har hawaye suka zubo.

Na ƙarshe ya fito, wani ɗan mutum mai jar hula. Shamsu ya sauke yatsa, ya saki dogon numfashi, kafaɗunsa suka sauka.

"Sun cika," ya ce. "Alhamdulillahi, ba wanda anka bari a hanya."

Sai a lokacin ya juyo ya ga fuskarta jiƙe, ya ga ɗaki duka na kallonsu. Ya gyara rawani, ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"To, ke fa? Mi anka ce, kin ci?"