Kwalta a Ƙarƙashin Linzami

Tun ranar da farfelar injin jirgin ruwa ta cinye wa Sahabi yatsun hannuwansa duka biyun, bai sake taɓa biro ba. Ƙafa ce ta rage masa, kuma ƙafar ɗan masunci ce, wadda ta saba riƙe raga da babban yatsa ana ɗinki.

Elijah, mai gyaran waya a Wara, shi ya lura da haka. Ya farke tsohon linzamin kwamfuta, ya dasa shi cikin katako mai siffar takalmi, ya fito da maɓallai biyu daidai yatsun ƙafa. A ƙasa ya bar ɗan rami inda jar wuta ke leƙowa, wadda da ita linzamin ke gane motsi. Ya sa manhajar da ke rage wa kibiyar fuskar kwamfuta gudu, sannan ya bi masu cibiyar jarrabawar kwamfuta a Yauri, inda Sahabi zai rubuta tasa, da roƙo har suka yarda a jona abin.

"Ka ci jarrabawar nan, mai ƙafar agwagwa," in ji Elijah, "ko in karɓe takalmina."

Sahabi ya koya har damina ta wuce. Jarrabawar shiga jami'a sau ɗaya ake yinta a shekara, kuma ya san ba zai koma ruwa ba.

Ana gobe tafiya, mahaifinsa Ɗangana ya ɗauki abin yana jujjuyawa. Ta ruwa za su bi, ga iska ta taso. Mutum ne da bai taɓa ganin rami a katako ya ƙyale ba. Bai tambayi kowa ba. Ya narka kwaltar da yake liƙe jirgi da ita, ya bi kowace kafa ya toshe, ya naɗe abin a buhu.

A zauren jarrabawa Sahabi ya kwance buhun da haƙori. Warin kwalta ne ya fara isa hancinsa. Mai tsaro ya jona wayar linzamin, yana yatsine fuska. Sahabi ya ɗora ƙafa ya tura. Kibiya ba ta motsa ba. Ya kifa katakon, ya ga baƙi ƙirin inda jar wuta take. Ya yi ta kankarar kwaltar da farcen ƙafa har ya yi jini, ba ta fita ba.

"Ba mu da wani," in ji mai tsaron. "Gwada da hannu."

Sahabi ya dubi dungulminsa. Na kusa da shi sai ƙwas-ƙwas suke yi. Ya zauna har aka tashi.

Ɗangana na waje a gindin mangwaro, hula a gwiwa. Ya miƙe yana murmushi.

"Yaya, ɗana? Ka ga aikin tsoho? Duk ruwan da muka sha, ko ɗigo bai shiga ba."

Sahabi ya dubi hannuwan uban, kwalta har yanzu a ƙarƙashin farce.

"Bai shiga ba, Baba," ya ce.

Ya wuce gaba zuwa bakin ruwa, buhun a hammata.