Ranar da Masinja Ya Kamu da Kwanjeshan

Sau biyu a sati guda Masinja ya makara, sau biyu kuma ya ce gosulo ne ya riƙe shi. A na biyun, Manaja ya goge alƙalaminsa da hankici, domin mutum ne mai tsoron cuta kamar mutuwarsa, ya nuna ƙofa ya ce, "Ranar da ka sake kawo mini kalmar nan gosulo, ta can za ka fita, ba dawowa."

Masinja ya juya maganar a ransa, ya ga ai ba makara aka hana shi ba. Kalma aka hana shi.

Ran Litinin bas ɗinsu ta kafe a gaban shagon mai gyaran agogo. Agogo bakwai ne rataye a bango, kowanne da nasa lokacin, amma duk bakinsu ɗaya cewa ya makara. Ya tuna 'ya'yansa huɗu da uwarsu, ya ja tsaki.

"Ɗana, tsakin nan zai ƙarar maka da miyau," in ji tsohon da ke gefensa, wani malamin makaranta mai ritaya, rungume da ƙamus marar bango.

Masinja ya zayyana masa komai.

"Yo abin da ya dame ka ke nan? Ai Bature ya fi mu sunayen tsayuwa a hanya. Ita gosulo ma ƙarya ce, ma'anarta tafiya a hankali. Kai ka ga muna tafiya?"

"Muna tafiya mana, Baba," in ji direba. "Tun ɗazu mun wuce rabin shagon."

"Akwai holdof," in ji Malam. "Sai dai fashi da makami ma haka suke ce masa."

"A'a, Baba, kar a kira mini 'yan sanda."

"To, tirafik jam. Shi jam ɗin nan kuwa, shi ne abin da suke shafa wa burodi."

Wata mata da ke riƙe da kan keken ɗinki a cinya ta ce, "Shi ya sa muka manne. Malam, matsa gwiwarka."

Malam ya matsa, ya lashi yatsa ya buɗe shafi. "Ga botilnek, wato wuyan kwalba."

"In shiga ofis da sassafe ina zancen kwalba? Korar ma sai ta fi sauri."

"Mu dai cunkoso muka sani," in ji mai keken ɗinki.

"Baiwar Allah, cunkoso bai taɓa ceton aikin kowa ba." Malam ya rufe ƙamus, ya rage murya kamar mai ba da laƙani. "Saura guda, ta manya ce. Kwanjeshan. Talaka gosulo ke kama shi, mai kwat kuwa kwanjeshan. Hanya ɗaya, rana ɗaya, hayaƙi ɗaya, amma kowa da matsayinsa."

Masinja ya yi ta bitar kalmar har ta zauna masa a baki. Da ya ga wata akuya ta wuce su sau biyu, zuwa da dawowa, sai ya sauka ya kama sayyadarsa. Ya isa ofis goma saura, gumi sharkaf, hayaƙin manyan motoci ya shaƙe masa wuya.

Manaja ya cire tabarau. "To, faɗi. Ina jiran ta."

Masinja ya yi tari, ya ce, "Kwanjeshan ne, ranka ya daɗe."

Shi Manaja, duk da yawan Turancinsa, wuri guda ya taɓa ganin kalmar nan: jikin kwalbar maganin tari da ke cikin durowarsa. Ya ja kujera baya har ta bugi bango, ya toshe hanci da hankici.

"A ina ka ɗauko shi?"

"A hanya, ranka ya daɗe. Rabin gari na ciki."

"Subhanallahi! Tun yaushe?"

"Ya daɗe. Da safe yake tasowa, ya lafa da rana, yamma ta yi ya dawo."

"Shi ne ka ɓoye, kake ce mini gosulo? Kana taɓa mini takardu?"

"Ban san sunansa na gaskiya ba sai yau."

"Tsaya daga nan! Je ka gida, kwana uku. Kar ka taɓa marfin ƙofar, tura da ƙafa."

Ta ƙofar da aka yi masa alkawari ya fita, da aikinsa a hannu, bai kuma yi ƙarya ko ɗaya ba.

A gaban shagon agogo ya tarar da bas ɗin, ta ci gaba da kamar taku goma. Malam ya leƙo ta taga.

"Yaya, ɗana? Ta yi aiki?"

"Hutun kwana uku, Baba."

Mai keken ɗinki ta turo kai ta kafaɗar Malam. "Don Allah maimaita mini ita a hankali. Tun takwas uwar ɗakina take jira na."