Kalmasar Rigar Atika

Mijinyawa ya ɗaga Atika ya ɗora ta a bencin a-kori-kura, sannan ya hau ya matsa kusa da ita kafin masu buhunan albasa su cinye wurin. Motar Bodinga ce, kuma tun da fetur ya fara wuya direbobin Shagari ba sa tashi sai sun cusa mutum kan mutum.

"Tattara rigarki, kar a take miki," in ji shi.

Ta tattara. Rigar Sallah ce ta shuɗiyar atamfa, shi ya ɗinka mata, kuma a ƙasanta akwai kalmasa mai kauri, ninki kan ninki. Da wannan kalmasa aka san Mijinyawa tela a kasuwar Shagari. Tun da gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, atamfa ta zama abin kallo a kanti, sai ya riƙa naɗe yadi yana ɓoyewa a ƙasan rigar yaro. In yaro ya yi tsawo a warware ninki ɗaya, riga ta koma daidai. Iyaye mata suna ta sa masa albarka. Babu rigar da ba a dawo masa da ita ya saki kalmasa ba, sai ta 'yarsa.

Atika tana da shekara tara, amma ƙanwarta Hadiza ta wuce ta da kai guda. Ƙafafunta gajeru ne, hannayenta ma haka, goshinta ya ɗan fito. Baki kuwa, Allah ya ba ta har da gyara. Akwai sunan da mutane ke kiran masu irin halittarta, Mijinyawa ya hana a faɗe shi a gidansa. Ya taɓa korar mai kawo ɗinki da yadinsa a hannu a kan haka. Shi dai a wurinsa yarinya ce mai jinkirin girma. An sha rubutu, an sha saiwoyi, an sha madara daga rugar Kajiji. Kowace Sallah sai ya tsayar da ita ya duba ƙasan rigar, ya ce, "Saura kaɗan. Baɗi sai mu saki." Ita kuma ta ce to.

Yanzu ga shi an ce wani likitan yara yana zuwa Bodinga daga Sakkwato, shi ne ya rufe shago ya taho.

Likita Attahiru ya auna Atika, ya duba kunnenta da bayanta, ya tambaye ta sunan malaminsu, ta faɗa masa har da sunan da suke kiransa a ɓoye. Ya yi dariya, ya ce ta jira a waje.

"Malam Mijinyawa, akwai mai irin jikinta a danginku?"

"Babu, likita. Ita ɗai ta."

"Yakan zo haka. A jikin kowa akwai ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, a cikinsu halittar mutum take. Su ke aika wa ƙashi saƙo: yi tsawo, ko kuma dakata. Kamar keken ɗinkinka ne, ƙafa tana turawa, hannu yana tsayarwa. A jikin Atika mai cewa dakata ya fi ƙarfi. Yadda yake yin haka, har yau masana ba su gama ganowa ba."

"To a yi mata allura wadda ta hi ƙarhinai. Ko keken ne in sai da."

"Babu allurar. Da akwai da ban ɓoye maka ba. Ba laifinka ba ne, ba na mahaifiyarta ba, ba kuma sammu ba. Za ta ƙara kaɗan, amma ba da yawa ba. Hankalinta lafiya lau. Ka dai riƙa kawo ta muna duba kunnen da bayan."

Mijinyawa ya yi godiya. Suka koma Shagari. Abin da ya fi damunsa shi ne bakin da zai gaya mata.

Bayan la'asar ya buɗe shago ya zauna gaban keke, ya kasa taka shi. Atika tana kan tabarma tana tsintar ƙyallaye.

"Baba, mi likita ya ce?"

Baɗi ta zo masa har kan harshe. Ya haɗiye ta.

"Ya ce ba za mu saki kalmasa ba, Atika. Tsawonki kusan nan ya tsaya."

"Na sani," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba.

"Wa ya hwaɗa miki?"

"Ba kowa. Ina da ido, Baba. Kai ɗai nika jira."

"To mi ya hana ki hwaɗi?"

"In ka ce baɗi, sai in ga kana jin daɗi." Ta ɗage rigar ta nuna masa ƙwaurinta, inda fata ta yi baƙi. "Amma tana da nauyi. In ina gudu nan take buguna."

Hawaye suka zubo masa, bai damu da masu wucewa ba. Ya ɗaga ta ya tsayar a kan benci, ya ɗauki reza ya bi zaren kalmasar yana tsinkewa. Ninki ya warware, wani ya biyo, yadi ya zubo ya rufe mata ƙafafu har ya sauka ƙasa. Saman rigar ya koɗe da wanki da rana, amma wannan ɓoyayyen shuɗi ne shar, kamar yau aka yanko shi a kanti.

"Kai, Baba! Wanga duk nawa ne?"

"Naki na. Ɗankwali za shi zama."

Ya durƙusa da abin awo a hannu. Tun yana saurayi yake ɗinki, amma bai taɓa auna 'yar tasa yadda take ba. Kullum sai ya ƙara mata tsawon da yake fata. Ya sa alli daidai ƙasan gwiwarta, ya ɗauko almakashi.

"Baba," in ji ta, tana leƙo shi daga sama. "Kar ka bar komi na baɗi."

"Ba ni bari," ya ce, ya fara yanka.