Kai Ƙasa, Ƙafa Sama

"Sauko min daga motar nan," in ji Oga.

"Ba zan sauka ba, ranka ya daɗe."

Shekara huɗu ke nan da ta gama horon kwana-kwana, ita ce ta biyu a ajinsu, amma tun da aka kawo ta tashar aka dasa ta gaban waya. Har sunanta ya ɓace, 'Yar Waya kowa ke ce mata. Oga ya sha faɗa cewa shi ba zai kai wa uban kowa gawar 'ya mace ba.

Ita ta ɗauki kiran. Wani tsoho mai yasar rijiya ya suma a ƙasan wata rijiya. Ta tambayi faɗin rijiyar, aka ce bai cika taƙi uku ba. Shi ya sa ta ce wa Oga ya dubi kafaɗun mazansa, ya gaya mata wanne cikinsu zai shiga. Direba ya ce tsohon ba zai jira su gama shari'a ba, ya tayar da mota.

Da suka isa, Dogo, ɗaya daga cikin mazan, aka fara zurawa. A zoben siminti na huɗu ya maƙale, tukunyar iskar bayansa ta ci bango. Da ƙyar aka zaro shi, gwiwar hannunsa duk ta saɓule. Cikin taron wani ya ce a kawo man shafawa. Ba wanda ya yi dariya, domin 'yar tsohon tana durƙushe a bakin rijiyar tana kiran Baba, ƙasa kuwa shiru.

'Yar Waya ta riga ta cire takalmi. Ta ce ko ita ba za ta iya sunkuyawa a ciki ba, don haka a ɗaure ta a ƙugu da idon sawu, a zura ta da kai, tukunyar ta biyo ta a igiya dabam. In ta ja sau biyu, a ɗago.

Oga ya leƙa ramin, ya juyo gare ta.

"Ke, kin san abin da kike faɗa?"

"Haka aka koya mana, ranka ya daɗe. Kai ma haka aka koya maka."

Oga ya karɓe igiyar daga hannun Dogo, ya naɗa a nasa.

Tafin ƙafarta ne ya ɓace a ƙarshe. Igiya ta yi ta tafiya, sannan ta tsaya. Minti ɗaya. Biyu. Gumi na shiga idon Oga, bai goge ba. Can igiyar ta motsa sau biyu.

Ta fito fuska a kumbure, ido jawur. Bayanta aka jawo tsohon, ɗaure tsaf ta ƙarƙashin hammata. Aka danna masa ƙirji har ya yi tari. Mata suka ɗau guɗa. 'Yar tsohon ta riƙe ƙafar 'Yar Waya mai laka, ta ƙi saki.

A hanyar komawa, Dogo ya bar mata kujerar taga, ya ce daga yau Yaya zai riƙa ce mata. Saje, mai rubuta rahoto, ya ɗora takarda a cinya. Jerin waɗanda suka fita aiki sunaye biyar ne, da sa hannun Oga, nata ba ya ciki. Ya ɗaga biro.

"Oga, a gurbin wanda ya shiga rijiya, wa zan rubuta?"